Ni da Ciyawar Ruwa da Fitilar da Ba Na Kashewa

Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adini na Akokan, inda muke aiki, kowa ya ɗaure kayansa. Wasu suka koma Maraɗi, wasu suka bi masu neman zinariya cikin daji. Ni ban je ko'ina ba. Abin da na gada daga shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ranar da zai tafi shi ne akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da 'yan kifaye kamar yatsa, da ciyawar ruwa kore shar a dashe cikin yashi. Fitilar da ke jikin murfin ta fashe a amalanke tun ba mu iso gida ba.

Hajiya, matata, ta leƙa akwatin ta ce, "Malam, a garin da ake layin pampo za ka yi kiwon kifin da ba ya shiga tukunya?"

Na ce, "Na kallo ne. Ke shaida ce, shekara arba'in ina kallonki ban gaji ba."

Ta ce in yi ta kallo, amma kada ruwana ya taɓa tabarmarta.

Ajina huɗu a lakkol, makarantar boko, kuma na fita da sanin cewa tsiro haske yake so. Sai na aje akwatin bakin taga, na ce ga ranar garinmu Arlit kyauta. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumin da za a yi wa jariri wanka, kifayen suka taso sama suna buɗe baki kamar masu neman a yafe musu. Na ja shi zuwa lungu, na nufi butik ɗin wani Bakatsine mai kayan wuta. Ya fito min da ampul, wato ƙwan fitila, mai sauya launi, ja, shuɗi, kore, ya ce irinta ake yayi. Na ce kifina ba biki suke yi ba. Ya kawo mai ruwan ɗorawa, na gwada kwana uku, ciyawar ta yi kamar mai shawara. Na ɗaura fitilar goshi irin tamu ta rami, ita kuma wuri ɗaya take haskawa kamar faifai, duk ganyen suka karkata can suna turereniya. A ƙarshe na ɗauki doguwar nan fara, mai haske irin na hantsi, daidai tsawon murfin. Cikin sati ganye ya miƙe. Na riƙa taka tsakar gida kamar injiniya.

Kuskurena na mutumin rami ne. A ƙarƙashin ƙasa ba a kashe fitila. Wannan ne abu na farko da ake koya maka kafin a ba ka hular kwano. Ko abinci kake ci, ko hutawa kake, tana kunne a goshinka, domin wanda fitilarsa ta mutu ba ya ganin dutse, mai tuƙa injin ma ba ya ganinsa. Shekara talatin da wani abu hannuna bai taɓa kashe fitila da gangan ba. To ina zan kashe wa bayin Allah da aka ba ni amana? Na bar ta dare da rana.

Sai gansakuka ta sauka. Ta fara da gilashi, ta hau ganye, ta saƙa zare kamar gemun tsoho. Ruwa ya koma miyar kuka. Ni kuma da na ga ciyawa na mutuwa, sai na ce haske ne bai isa ba, na ƙara fitila ta biyu.

A lokacin matar ɗanmu na da tsohon ciki, kuma a ɗakin nan baƙi za su zauna. Hajiya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ranar suna dangina na Damagaram ba za su zo su tarar da kududdufi a ɗakina ba. In bai gyaru ba, ruwan zai tafi gindin zogale, akwatin in jera kwanoni."

Na ce, "Sai dai ki zubar da ni tare da shi."

Ta ce, "Zogalen ba zai ƙi ba."

Mai lambun da ke kawo mana salati, tsohon abokina ɗan Tawa, shi ya tarar da ni ina kankare gilashi da reza. Ya dubi fitilun biyu ya ce, "Yaushe kaka kashe musu?"

Na ce, "Kashewa? Ni?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Kai dai rami ya cinye maka kai. Haki ma kwana shikai. Wa ka taɓa gani ya kunna ma tumatir hitila da dare? Ko ku da kamfani ya mora, awa nawa kuka yi ƙasa?"

Na ce takwas.

"To kai ka hi kamfani mugunta."

Ban ce masa ya yi gaskiya ba, don ɗan Tawa in ka ba shi gaskiya sau ɗaya sai ya kai ta kasuwa. Amma da ya fita na cire fitila ɗaya, na sa wa ciyawa lokacin aiki: shiga da hantsi, fita bayan la'asar. Ranar farko na tsaya da yatsa a kan maɓalli kusan minti biyar. Ina ta jiran in ji shef ya daka min tsawa daga baya. Na yi bisimilla na danna. Kifayen ko a jikinsu.

Kullum ina ɗebe guga ɗaya in zuba sabo, ina tsince zaren da tsinken tsintsiya. Rabin ciyawar ta riga ta tafi. Haihuwa ta zo da wuri, ba ta jira ni ba.

Da safen suna Hajiya ta shigo da bokiti. Na ja kujera na zauna gaban akwatin, na harɗe ƙafa. Ruwan bai yi garau ba, amma ana ganin bangon baya, kuma a gindin kowane kara da ya rage akwai sabon ganye ɗan mitsitsi.

Ta duƙa ta daɗe tana duba. Ta ce, "Wannan abin ne ka hana mu sakat a kansa?"

Na ce, "Shi ne. Wanda ya ga bai yi masa ba, ya zauna a zaure."

Ta aje bokitin a bayan ƙofa, ta ɗauko tsumma ta goge gilashin ta waje, ta ce in tashi in canza riga kafin liman ya iso.