Sun Ce Salla Kake Yi, Baba

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da la'asar, Allah Ya karɓi ran mahaifina a wurin aikinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba, ka san ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in malami ya kira ni, sai muryata ta maƙale. Shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan.

Tun kafin a haife ni kake kula da injin tura ruwa a tashar bayan gari, kai kaɗai. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, da benci, da buta, da tabarmar sallarka a naɗe bayan ƙofa. Ranar Asabar in na kawo maka abinci, sai ka ɗaga hannu ka ce, "Likita ta iso, kowa ya gyara zama!" Alhali ba kowa a ɗakin sai kai da injin. Kai ne ka ɗinke mini takalmin makaranta da guntun roba, ka shafa masa baƙi har ba a gane ba. Matan da famfonsu ya ƙafe, in sun zo bakin shinge da bokitai, ba ka taɓa korarsu ba. Sai ka ɗauki bokitin tsohuwa da kanka ka kai mata bakin titi.

Bara likita ya ce kana da hawan jini. A baran ne kuma ofishinku ya raba wa ma'aikatan da ba su da abokin aiki a tasha wata 'yar na'ura da ake ratayawa a wuya. Tana da jan maɓalli guda. In mutum ya danna, ƙararrawa za ta kaɗa a ofis. In kuma ya faɗi bai motsa ba, ita da kanta za ta yi kira. Ni na karanta maka takardar da ta zo da ita. Na ce, "Baba, in ka ji jiri, ka danna kawai, za su zo." Ka yi dariya ka ce, "To, Likita ta ba da umarni." Mama ta samu barci tun daga ranar.

Amma kai mutum ne mai daɗewa a sujada, na'urar kuwa ba ta san bambancin mai sujada da wanda ya faɗi ba. Karon farko da ta yi kira, mota guda suka cika suka zo a guje, suka tarar da kai a kan tabarma. Aka yi ta dariya. Kai ma ka ba mu labarin a gida muna ƙyalƙyatawa. Ka roƙi shugabanku a gyara ta, ya ce za a duba. Ka tambaya ko ka riƙa cire ta lokacin salla, ya ce doka ta hana. Haka aka bar ta. Daga baya suka laƙaba maka suna Liman; in ta kaɗa a ofis, sai su ce, "Liman ya faɗi," wani ya miƙa hannu ya kashe.

Ranar Laraba ma ta kaɗa, Baba. Masinjan ofishinku, wani dattijo da ke wurin, shi ya gaya wa Kawu yana kuka. Ya ce mai tsaron tebur ya dubi agogo ya ce, "La'asar ce, salla yake yi," ya kashe. Ta sake kaɗawa, ya ce, "Yau Liman da nafila ya haɗa." Ba wanda ya ɗaga waya ya kira ka. Sai da ruwa ya ɗauke a unguwanni, mutane suka fara ƙorafi, sannan aka tura direba. Ya same ka kwance kusa da injin, na'urar a cikin tafin hannunka, babban yatsanka a kan maɓallin. Tabarmarka tana nan a naɗe bayan ƙofa, ko shimfiɗa ta ba ka yi ba.

Ka yi abin da na ce maka. Ka danna. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

Shugabanku ya zo gaisuwa da babbar riga. Ya ce wa Mama, "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Ni na kawo masa ruwa, na durƙusa, na ce, "Sannu da zuwa." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Na yarda babu mai wuce ranarsa. Malaminmu na Islamiyya ya koya mana, kai ma ka koya mini. Amma ban ji inda aka ce wanda ya ji kiran neman agaji ya kashe shi don yana ganin ya san dalili ba. Da aka daina turo ruwa na awa ɗaya, sun tashi. Da kai ka faɗi, suna zaune.

Jiya Kawu ya je kwaso kayanka. Ya ce har an kawo wani a madadinka, mai 'ya'ya ƙanana, an rataya masa na'urar taka a wuya, ba a gyara komai ba. Ya tarar da shi yana alwala da butarka. Ku da ke ofis, ba na neman komai a wurinku sai abu ɗaya: in ta kaɗa, ku tashi ku je. In kun tarar da shi yana salla, ku gode wa Allah ku koma.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa doguwar sujadar da aka mayar abin dariya ta zame maka haske. Allah Ya ba Mama, da Kawu, da ƙannena haƙurin rashinka. Ni kuma Ya cire mini wannan ɗacin daga zuciya, domin har yanzu ban iya cire shi da kaina ba. Amin.

'Yarka, Likita.