Get Mai Ɗawisu

Shekarar da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, yayana ya ci kansila. Mutumin da muka sani da silifas da aron babur ya wayi gari ana ce masa Honarabul, shi ma kuma ya yarda. Abu na farko da ya fara ba shi kunya a duniya shi ne ƙofar gidanmu na Barnawa.

Gidan na Mama ne, Baba ya mutu ya bar mata. Gabansa duk lambunta ne, yakuwa da rama da kuɓewa da gauta, an kewaye da waya iya ƙugu. Ƙofar kuwa guntun kwano ne da katako, ko da gwiwar hannu ka taɓa ta buɗe. Ƙafafun Mama sun riga sun ƙi, coci ma sai an samo mota, saboda haka mutane ne ke zuwa wurinta. Da safe ta ja kujera ta zauna cikin ganyenta, duk mai wucewa ya tsaya a gaisa. Matan zumuntar cocinmu su turo ƙofa su shigo, su tsinki na miya, su bar mata labarin wadda ta haihu da wanda aka kwantar a asibiti. Da wannan take rayuwa.

Yaya ba a gidan yake kwana ba, amma nan yake tarbar 'yan jam'iyya ranar Asabar, don a ga ɗan unguwa ne. Ranar nan sai ga shi da wani mai walda, mai bakin zuma, rungume da albam cike da hotunan get. Na tarar da su sun baje a kan tabarmar Mama. Akwai mai zakuna biyu suna kallon juna, akwai mai kan mashi a jere, akwai mai nonon inabi, har da wani mai agogon da ba ya tafiya. Yaya ya ce zaki ya yi yawa a gari, kowane ɗan siyasa ya yi. Ya dangwala yatsa a kan ɗawisu. Tsuntsu guda, ya baza jela tun daga wannan bango har wancan, a kan fallen ƙarfe mai kauri da ake turawa gefe bisa dogo.

Na tambaya ina ƙaramar ƙofar masu shiga da ƙafa. Mai walda ya ce ana iya yi, sai dai za ta yanke jelar, kuma babban mutum kamar Honarabul bai dace da ɗawisu mai gundulmin jela ba. Na so in kwaɗa masa albam ɗin a ka. Yaya ya ce ni matsalata ban san tsari ba, in je in ji da aikina.

Mama ba ta cika roƙo ba, amma ranar ta roƙa. Ta ce, “Ɗana, ko a gefe ne a bar mini 'yar ƙofata.”

Ya ce, “Mama, matsayi ya canja. Ba kowa ne zai riƙa faɗo mana gida ba.”

Aka cire waya aka ja katanga, aka kafa get. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau, shuɗi da kore da ruwan gwal, masu wucewa har tsayawa suke. Amma duk kyan yana waje. Ta ciki, inda Mama ke zama, jan fentin hana tsatsa ne kawai da tabon walda. Mai gadin da Yaya ya yi alkawari bai taɓa zuwa ba. Da rani mace mai ƙarfi takan iya tura shi da kafaɗa. Da damina ta sauka, ruwa ya riƙa kwaso jar ƙasa yana cusa wa dogon, sai an samu maza. Matan suka yi ta bubbugawa suna komawa, a hankali suka rage zuwa. Yakuwa ta tsufa a tsaye ba mai tsinka. Na yi wa Yaya magana har bakina ya gaji, kullum yana mitin.

Wata Laraba matan zumunta suka aiko cewa za su zo su yi mata addu'a. Na taso daga Romi, inda nake haya, da ƙyar wasu samari suka tura mini get na shige, suka mayar da shi. Mama ta ɗaura zanen zumunta tun hantsi, ta sa na dafa zoɓo. Da azahar aka tsuge da ruwa. Ko da suka iso da tulunansu na kiɗa, get ya kafe. Su suna turawa ta waje, ni ina turawa ta ciki, ko motsi. Mazan layin duk suna wurin aiki. Da suka gaji, suka tsaya a cikin taɓo suka fara waƙa daga can.

Mama ta ce in kawo tabarma. Na shimfiɗa a gindin get, ta kama hannuna ta sauka da waɗannan gwiwoyin, ta kwanta ta gefe tana leƙe ta ƙasan ƙarfen. Ƙafafu kawai take gani, da su take gane su. Tana cewa ga matar fasto, ga uwar tagwaye, waccan mai faso ƙawarta ce ta ƙauye. Tana amsa waƙar kuncinta a ƙasa. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani yayana a wannan yammacin ba, kuma har yau ban ga dalilin janye wannan tsanar ba.

Da suka tafi ta ce in kai ta wurina. Na ce Mama, ɗaki ɗaya ne, ba fili, ba ko inda za a dasa barkono. Ta ce ta sani.

Ranar Asabar na ɗauko a-kori-kura. Yaya yana nan da mutanensa, su suka tura get. Bai hana ba, ya ce ma canjin iska zai yi mata kyau. Mama ta fita daga gidan mijinta ba ta waiwayi lambun ba. Muna fitar da gadonta, ƙafar gadon ta kusa gogar ƙarfen, sai Yaya ya miƙe daga kujera da sauri.

Ya ce, “Ku bi a hankali da fentin nan.”