Gambar Ɗanliti Mai Faci

Duk wanda ya taɓa bin Layi daga Rijiyar Baushe zuwa kasuwa, a ƙafa ko a keke, ya ci arzikin Ɗanliti Mai Faci, ko ya sani ko bai sani ba. Yawanci ma ba su sani ba. Yaran yanzu gani suke haka Allah Ya ajiye hanyar nan, miƙaƙƙiya a bisa tudu, gamba ta sa ta a tsakiya.

Da can ɗan reshen layin dogo ne da aka ja don kwasar gyaɗa, kuma Ɗanliti yana saurayi ya yi leburanci a kansa. Da gyaɗa ta mutu, jirgi ya rage zuwa, daga baya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Aka zo da manyan motoci aka kwashe ƙarafan. Katakon kuwa kada ka tambaye ni, je ka duba ƙyauren gidajen garin. Tudun kaɗai aka bari, shi kuwa ya fi jirgin amfani ga talaka, don da damina idan fadama ta cika, babu wata busasshiyar hanya zuwa kasuwa da maƙabarta sai shi. Ɗanliti ya kafa bencinsa a gindin tsamiyar tsohuwar tasha, da famfo da sholisho da kwanon ruwa, ya zama mai facin keke. Gajere ne, marar yawan magana, gonarsa 'yar ƙarama tana jikin Layi.

Sai shekarun fari suka zo, ido ya raina fata. A ƙasarmu gona manne take da gona, ko tabarma za ka shanya sai ka taka ta wani. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, kowa ya fara kallon Layi da gefen ido. Cin iyaka abin Allah wadai ne a wurinmu, amma Layi ba maƙwabci ba ne, ba shi da bakin kai ƙara wurin mai unguwa. Bana a tura masa kunyar gero ɗaya, baɗi a ƙara biyu. Ba na zagin kowa, na san abin da ciki yake sawa. Shi kansa Ɗanliti ya tura tasa. Haka hanya ta yi ta ramewa har keke biyu ba sa iya wuce juna.

Ana cikin haka Nababa ya rasu, abokin Ɗanliti tun na leburanci. Aka ɗauko makara aka bi Layi. Da aka zo gonar Iliyasu, ɗan baffan Ɗanliti, inda hanyar ta fi matsewa, masu ɗauka suka kasa jerawa biyu-biyu. Ɗaya ya zame cikin laka, makara ta karkata, sai da aka tare gawar da hannu. Abin ya tsaya wa Ɗanliti a rai, ya ji zafinsa fiye da mutuwar kanta.

Washegari ya je bayan masallaci inda ake jingine makara, ya gwada faɗinta da karan dawa, ya ƙara faɗin kafaɗar mutum ta kowane gefe. Ya zo gonarsa ya aza karan a kan Layi, ya baje kunyar da ya tura, ya dasa tushen gamba a bakin iyaka.

Ga dalilinsa. Da gamba muke raba gonaki tun kaka da kakanni, kuma wanda ya tumɓuke gambar iyaka ba a sake kiransa shaida a garin. Layi ba shi da mai shi, to in ya samu gamba ya samu mai tsaro. Kullum da safe kafin ya buɗe faci, sai ka ga Ɗanliti da tushen gamba a bayan keke da karansa a hannu, yana bin masu gonaki ɗaya bayan ɗaya. Aka yi masa dariya, har ana tambayarsa ko jirgi ne ya aiko zai dawo. Ya yi kunnen uwar shegu da su. Wasu suka yarda don sun ga abin da ya samu Nababa, wasu don ya ce gambar gefensu tasu ce, su yanka su yi zana su sayar.

Iliyasu ne ya ƙi, kuma in ya ƙi aikin duk ya tashi a banza, don hanyar da ta yanke a tsakiya ba hanya ba ce. Ɗanliti ya same shi yana huɗa.

"Yaya, bakin da nake ciyarwa ka san yawansa," in ji Iliyasu. "Gamba zan dafa musu?"

"Ban ce ba."

"To ka bar ni. Matattu ba sa jin yunwa."

Ɗanliti ya dubi gonarsa, wadda ta haɗa iyaka da ta Iliyasu. Ya ce, "Abin da Layi zai karɓa a wurinka, auna shi a tawa ka ɗauka. Mu je wurin mai unguwa a shaida."

Iliyasu ya zaci wasa ne, sai da ya ga an matsar da iyaka. Ya karɓa kuwa, bai ma yi kara ba.

Hure matar Ɗanliti, mutuniyar garin Kunci, ba ta iya ɓoye fushi. Da ta ji labari ta ajiye muciya ta ce, "Malam, mutane suna neman inda za su ƙara, kai kana rabon taka? Gari guda ne zai bi hanyar, mu kaɗai za mu biya?" Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hure." Ta yi kwanaki ba ta kula shi. Gaskiyarta kuwa, don a waccan shekarar geronsu bai kai su bazara ba, sai da ta sayar da akuyarta, suka ƙarasa da kwaɗon rama da tafasa. Duk da haka ita ce take ɗebo ruwan wanke-wanke ta zuba wa gambar da ke bakin gonarsu.

Sannu-sannu ruwa ya dawo, gamba ta kama ta yi tsayi. Masu keke suka yawaita, da buhun taki a baya, da 'yan makaranta, da mata masu kai ƙuli-ƙuli kasuwa. Ɗanliti ya tsufa a gindin tsamiyarsa yana tsoma taya a ruwa yana neman inda take kumfa. Gonarsa ba ta dawo ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Iliyasu kuwa ya koma bin ta fadama ko da ruwa ya kai gwiwa, don kada ya wuce ta gaban bencin.

Cikin wata damina mai ruwa Allah Ya yi wa Ɗanliti rasuwa. Aka yi masa salla aka ɗauko shi aka hau Layi. Iliyasu, da furfurarsa, ya kutsa ya sa kafaɗa a gaba, aka yi aka yi ya ba wani ya ƙi. Da suka iso bakin gonar Iliyasu, gamba tana shafar kafaɗarsa ta waje, tana shafar ta wanda ke ɗaya gefen, makara tana tafiya daidai ko girgiza babu. A nan ƙafarsa ta tsaya, hawaye suka zubo masa.

"Allah Ya jiƙanka, Yaya," ya ce. "Awonka ya yi daidai."

Na baya suka ce a ci gaba, aka wuce da shi biyu-biyu har maƙabarta.