Dilan da Ya San Iyakar Harami

Shekarar da na yi aure, jim kaɗan bayan yaƙin Turawa na biyu, surukina yana noman kankana a bayan gari, daidai inda ƙasar Harami ta ƙare. Basakkwace ne, ta Sudan ya biyo da ƙafa ya zo aikin hajji tun yana saurayi, kuma har ya tsufa Larabci bai zauna a bakinsa ba. Ni kuwa a nan cikin gari aka haife ni, a unguwar Misfala, ɗinki ne sana'ata, ban taɓa kashe abin da ya fi kyankyaso girma ba.

Matata ce ta jawo mini. Ta gaya wa mahaifinta cewa kakana maharbi ne a ƙasar Katsina. Gaskiya ne, sai dai ko ganin kakan nan ban taɓa yi ba. Da kaka ta shigo, zafi ya sassauta, sai ga aike: Baba yana nemana a gona.

Lokacin makwarwa ne. Masu hali daga cikin gari sukan fito da bindigoginsu su wuce alamun iyaka, tunda ba a farauta a cikin Harami, su yini suna harbi a gindin duwatsu. Wani dila ya gane haka. Yakan bi bayansu, tsuntsun da ya faɗi a nesa ya riga mai shi ɗauka. In ya ƙoshi da nama sai ya gangaro gonar Baba ya sha kankana. Ba ɗaya yake fasawa ya shanye ba. Sai ya bi layi yana gatsar kowace, kamar mai saye a kasuwa, har ya sami wadda ta yi masa.

Baba ya aro wata tsohuwar bindiga ta zamanin Turkawa a wajen maƙwabcinsa, wani Balaraben ƙauye mai kiwon awaki. Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

“Malam, jini ba ya ɓata. Ga ta nan.”

Na tsuguna na karɓa. Kunya ba ta bari mutum ya yi wa surukinsa dogon bayani, don haka abin da na ce kawai shi ne, “To, Baba.”

Washegari bayan sallar asuba muka laɓe a bayan kunya. Da gari ya yi haske sai ga shi ya taho, jawur, ya yi ƙiba har cikinsa yana lilo. Ya tsaya kan wata kankana yana shinshina. Baba ya taɓa ni. Na runtse ido na ja kunama. Da na buɗe, ina kwance rigingine, kunnuwana suna ƙara, babbar kankanar da Baba yake tanadi don iri ta tarwatse. Dilan ya dube mu, ya juya ya kama sassarfa, ba ma gudu ba.

Muka bi shi, Baba yana gaba, ni ina baya da bindiga da ciwon kafaɗa. Ya nufi tulin fararen duwatsun da ke nuna iyaka, ya wuce su kaɗan, ya juyo ya zauna a kan gindinsa ya yi hamma.

Baba ya karɓi bindigar ya ɗura mata wani harsashi, ya mayar mini. Na ɗaga. Sai ya dafe bakinta.

“Tsaya. Ya shiga Harami.”

“Baba, na ji malamai suna cewa kare mai cizo ana kashe shi ko a ina.”

“Ya cije ka?”

“A'a.”

“To, kankana ya ciza. Ban taho tun daga Sakkwato da ƙafa don in ɗauki zunubi a kan dila ba. Fito da shi za mu yi.”

A jakarsa akwai makwarwa ɗaya da wani maharbi ya ba shi jiya, yana nufin kai wa surukata ta yi miya. Ya ɗaura igiyar kaba a ƙafarta, ya jefa ta wajen iyaka, ta ɓangarenmu. Da yake hannayena biyu suna kan bindiga, ɗaya bakin igiyar sai ya ɗaura a ƙullin futata, wato zanen da muke ɗaurawa a kugu.

“In ya fito, ka ja baya kaɗan-kaɗan, zai biyo. In ya yi nisa da duwatsun, ka sakar masa.”

Muka tsuguna bayan wata ƙaya. Dilan ya daɗe yana kallon tsuntsun, yana kallonmu. Ya kwanta, ya tashi, ya sosa kunne. Ina cikin gyara tsugunno sai na ga ƙura kawai. Ya fito, ya sure makwarwar, ya koma. Igiya ta miƙe, na ji an fizge ni, na tashi tsaye don kada in faɗi, ƙullin ya kwance. Futata ta bi dila cikin Harami tana sharar ƙasa, har suka ɓace a bayan dutse.

Daga ni sai ’yar guntuwar riga, a gaban surukina. Na yi ƙoƙarin karewa da bindigar, amma bindiga siririya ce. Baba ya juya mini baya, ya warware rawaninsa, ya miƙo ta bayan kafaɗa. Kafaɗunsa dai suna rawa, yana ta tari irin wanda ba na mura ba.

Na koma gari da rawani a kugu, na ce wa matata ƙaya ce ta yaga futar. Na ɗauka magana ta mutu.

Ashe Balaraben nan mai awaki ya tsinci futar a cikin Harami, kuma mai tsoron Allah ne, ya san tsintuwar Harami ba ta halatta sai a yi cigiya. Ranar Juma'a ina kan keken ɗinki sai na ji murya tana tahowa ta layinmu: wa ya yar da futa mai ratsin kore, da igiya, da ƙafar makwarwa a jiki? Ya ɗaga ta a kan sanda, yana tsayawa a kowane shago. Na sunkuyar da kai na ƙara wa keke gudu. Mai shayin da ke kusa da ni ya kalli futar, ya kalle ni.

“Ya shaihu,” ya ce wa Balaraben, “kawo nan. Mun san mai ita. Amma ka zauna ka sha shayi tukuna, ka gaya mana inda ka same ta.”