Gwaggo Dije da Allurar Cikina

Duk wanda ya san Gwaggo Dije a Abu Hujar ya san kwalbar man riɗinta. Ciwon kai, tausa. Akuya ta ƙi ci, tausa. Rediyon Baffa ma da ya daina magana sai da ta shafe shi!

Bayan haihuwar autana, ƙafata ta hagu ta kumbura. Likita a Sinja ta ce jini ne ya daskare a jijiya, in ya ɓalle ya kai huhu, sai dai wata. Ta rubuta allurar tsinka jini, kullum a fatar ciki. Ta hango kwalbar a hannun Gwaggo.

"Hajiya, kada a murza ƙafar. Wurin allurar ma kada a murza."

"Ko kaɗan-kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Ya salam! To mi zan yi da hannuwana?"

Wallahi zaunewa ta riƙa yi a kansu. Hakim, mai ba da magani a garinmu, yana min allura, ita tana gefe ta danne tafukanta tana cije leɓe.

Da ta ji ba a maimaita wuri ɗaya, sai ta koma ɗiga min kwalli inda aka yi. Ran nan hakim ya nufi dama.

"Kai! Jiya ka yi nan. Makaho ne kai?"

Wanzami kuwa ya zo da ƙahonsa, wai zai zuƙe mataccen jini. Ta tare ƙofa.

"Jininta yanzu ruwa ne, ka tsaga wa zai tsayar? Je ka zuƙe naka!"

Ta ƙwace asfirin ɗin da maƙwabciya ta kawo. Ta ɓoye asuwakina. Kowace safiya sai ta ɗage min leɓe ta duba dasashi, ko jini na fita.

"Gwaggo, sai ka ce za ki sai da ni a kasuwar Sinja."

"Wa zai saye ki, ɗiyata? Buɗe baki."

Ranar da likita ta ce haɗari ya wuce, Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasan asibiti ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan. Ashe ta fi ni tsoro.

Daga baya da Allah Ya karɓi ranta, da ƙafafuna biyu na je gaisuwar rasuwarta. Allah Ya ji ƙanki, Gwaggo, Ya tsare ki yadda kika tsare ni.