Dattijo Mai Shafa Kusurwa

A ɗakin baje kolin zane kowa yana ja da baya yana gyaɗa kai, ban da wani dattijo mai fensir saƙale a kunne, garin katako a gira. Mai zanen tana satar kallonsa. Bajenta na farko ke nan, shi kuwa kusurwar firam ɗin katakon da ya kewaye zanenta kawai yake shafawa da yatsa, kamar mai lallashin jariri. Ƙila kafinta ne.

Ta matso. "Baba, zanen bai yi ba ne?"

"Zane naki ne, 'yata. Ni na zo duba ko katakona ya buɗe baki." Ya sake shafawa, ya murmusa. "Bai buɗe ba. To, yanzu bari in ga me yake riƙe da shi."