Moɗar Inna a Yamma da Harami

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Inna makwancinta a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi a nan Madina. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ɗan-hanya take ce mini, saboda a hanyar zuwa nan ta haife ni, a wani ƙauye na Sudan. Yanzu gemuna ya fara fari, ina tuƙa tifa a aikin faɗaɗa Harami da ake yi, kuma kusan kullum sai na bi ta kusa da inda gidanmu yake a da. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuto wa mutanen gida labarinta.

Wanda ya yi 'yan shekaru bai zo Madina ba, in ya zo yau sai ya nemi ɗan jagora. Ko'ina ramuka ne masu zurfi, da ƙarafa a tsaye, da injinan ɗaga kaya da suka fi dogon dabino tsawo. Ana cewa wannan aiki yana cikin gine-ginen da suka fi cin kuɗi a duniya. In mun zauna shan shayi da abokan aiki, Misirawa da 'yan Pakistan da Turkawa, gardamar ke nan: wannan ya ce sabon filin jirgin saman Jidda ya fi tsada, wancan ya ce gadar da aka shimfiɗa a kan teku zuwa Bahrain, wani ya kawo wata madatsar ruwa ta ƙasarsu. Ni ba na sa baki, don kowannensu da ƙarfin murya yake lissafi. Abin da na sani shi ne ina alfahari da aikin. Na ga alhazai suna sujada a kan kwalta da tsakar rana don babu wuri a ciki, na ga tsofaffi suna faɗuwa. Mai cewa da an bar tsoffin lunguna yadda suke, ina jin bai taɓa ɗaukar wanda rana ta kayar ba. Amma namu lungun ma ya tafi a irin wannan aiki, tun a rushewar farko, kuma a nan labarin Inna yake.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Damagaram. Da ƙafa ta fito zuwa hajji, ita da mahaifina da ƙanenta Idi, wanda ta goya tun rasuwar uwarsu. Haka ake yi a lokacin: a yi tafiya, a tsaya a yi ƙwadago, a ƙara gaba. Da suka kai Gadarif a ƙasar Sudan guzuri ya ƙi isar kowa, ga ni kuma a goye. Kawu Idi ya ce su wuce su hau jirgin ruwa, shi zai tsaya ya yi noman damina ɗaya ya biyo su. Saurayi ne a lokacin, kuma manunin yatsansa na dama gajere ne, lauje ya datse shi tun yana yaro. Inna ba ta so rabuwar ba, amma maza biyu sun riga sun yanke magana.

Mutanenmu na wancan zamani ba su san lambar gida ba, kwatance suka sani. Duk alhajin da zai koma ta Sudan, sai Inna ta cika masa hannu da dabino, ta ba shi saƙo, ta sa shi ya maimaita a gabanta kamar mai biya karatu: a nemi Idi mai gajeren yatsa, a ce masa yamma da Harami, lungun masu turare, gidan da ke da randa a ƙofa da moɗar duma. Ajiye randar ruwa a ƙofa don masu wucewa al'adar Madina ce, sabil suke ce mata. Sai dai kowa kofin ƙarfe ko gwangwani yake ɗaurawa da sarƙa. Inna ce kaɗai mai moɗar duma, kuma in ta fashe ba ta samun sukuni sai ta roƙo wata a kayan alhazan gida. Bahaushe in ya hango ta ya san nasa ne a ciki, sai ya yi sallama. Mahaifina yakan yi mita, ya ce ta mai da masa gida tashar mota, ita kuma ta ce ai shi ya auri mai tashar.

Saƙo irin wannan yakan yi shekaru a hanya, wani ma ya mutu tare da wanda ya ɗauke shi. Can ba a rasa ba amsa ta dawo. Kawu yana da rai, ya yi aure, ya bar Gadarif ya koma wani ƙauye a bakin kogi, kwatancen ya same shi, ya haddace, yana nan tafe. Daga nan kuma shiru. Ga iyali sun yi masa nauyi, ga zamani ya sauya, ba a ƙetare teku sai da fasfo. Inna dai ba ta fasa cika randarta ba.

Bayan rasuwar mahaifina, lokacin da arzikin mai ya fara bayyana a gari, ma'aikata suka zo suka shafa wa bangayen lungunmu jan fenti. Za a rushe duk unguwannin yamma da masallaci a kafa rumfuna don masu salla. An biya kowa diyyarsa, na sami wuri a unguwar Aƙiƙ na yi mana gida mai famfo da lantarki. Inna ta daina cin abinci sosai. Maƙwabta suka ɗauka baƙin cikin barin maƙwabtakar Annabi ne, suna ta zuwa ba ta haƙuri. Ta ce musu ita wannan bai dame ta ba, ɗakin da ta yi daka da wanki a ciki ya zama wurin salla, me ya fi wannan. Da suka watse ta kira ni.

"Ɗan-hanya, in Idi ya zo ya tarar da fili, ina zai nufa?"

Na ce za mu aika sabon kwatance. Ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗanyen tuwo, ta ce na farkon shekara nawa ya yi kafin ya same shi, kuma wa ya san ƙauyen da yake yanzu. Kwatance ɗaya ne a kansa. In ya zo bai ga lungu ba, zai yi ziyararsa, ya koma da cewa mun mutu ko mun watse, kuma talaka irinsa ba ya zuwa sau biyu. Gaskiyarta ce.

Ina cikin direbobin da suka kwashe ɓaraguzan lungun. Na gane shuɗin fentin ƙofarmu a cikin ƙasar da aka zuba mini a mota, kuma ba zan ɓoye ba, na yi hawaye a kan sitiyari. Amma ban tsaya ba, akwai motoci a bayana.

Da aka share wurin aka kafa rumfuna, wata safiya Inna ta ce in ɗora randa a mota in kai ta. Filin ya zama bai ɗaya, ni da na tashi a wurin ban iya nuna inda ƙofarmu take ba. Ita kuwa ta yi ta matsawa, ido a sama, har sai da hasumiya ta rufe rabin koriyar ƙubba, yadda take ganinsu daga saman soronmu in tana shanya. Nan ta ce in sauke. Ba a jima ba wani askari mai gadin wurin ya zo, cikin ladabi ya ce mata mamnu' ne, an hana, randar ta tare hanya, kuma da gaskiyarsa. Inna ta ba shi amsa da Larabcinta, wanda rabinsa Hausar Damagaram ce, bai fahimci komai ba sai kalmar ɗan'uwa. Washegari ta bar randa a gida, ta zo da ƙaramin tulu a kwando, ta zauna a gefe da moɗarta a hannu. Kafin wata ya ƙare askarin nan shi ne mai fara sha.

Haka ta riƙa yi, musamman in alhazai sun cika gari. In sauke ta da safe, in ɗauke ta kafin rana ta yi tsanani. Gwiwoyinta sun kumbura, matata ta yi magana, ƙannena sun yi magana, ni ma na yi. Na ce mata mutumin nan ƙila ya daɗe da rasuwa. Ta ce in an kawo mata wanda ya yi masa salla za ta zauna a gida. Inna ba ta da faɗa, amma in ta kafe, gara ka je ka tura dutsen Uhudu.

A hajin da ya zama nata na ƙarshe, na zo ɗaukarta wajen hantsi, sai na ga wani tsoho siriri cikin farar jallabiya da rawani irin na Sudan ya nufo inda take. Daga baya ya gaya mana tun jiya yake zagaya wurin yana tambayar lungun masu turare, wasu su girgiza kai, wasu su ce masa ai ya tafi. Ya riga ya haƙura, ƙishirwa ce ta kawo shi. Inna ta ɗebo ta miƙa ba ta ko ɗaga kai ba, kamar yadda take yi wa kowa. Ya karɓa, bai sha ba. Ya tsaya yana jujjuya moɗar a hannunsa, sannan ya yi magana da Hausa.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

Ba fuskarsa ta duba ba, hannun da ke riƙe da moɗar ta duba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara lulluɓinta.

"Idi, wannan damina taka ta yi tsawo."

Ya zauna a ƙasa, ruwan ya zube a jallabiyarsa. Ba wanda ya yi ihu a cikinsu. Ta sake ɗebo wani ta ce ya sha tukuna, magana ta biyo baya. Ni ne na juya baya, don mutum mai 'ya'ya bai kamata a gan shi yana irin kukan da na yi ba. Fiye da shekara talatin ke nan rabonsu da juna. Ba ta kai wani hajin ba, kuma Kawu yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Madinar yau. Na tabbata za ta yi murna da inuwa, da marmara, da sanyin da aka ce za a turo ta ƙarƙashin ƙasa daga nesa, don ta san zafin da baƙi ke sha fiye da masu zanen ginin. Za ta yi dariyar gardamar abokan aikina, ta tambaye su ko cikin kuɗin nan an ware na mai nuna wa baƙo hanya. Ruwan sha kuwa yanzu ga shi nan a jere, mai sanyi, ba sai wata tsohuwa ta ɗauko tulu ba. Za ta sa albarka, sannan ta ɗaga kofin roba ɗaya ta ce duk kamarsu ɗaya, wanda ya zo neman nasa da me zai gane shi. Wurin da ta zauna ma yanzu yana cikin shingen aiki, kuma nan gaba kaɗan za a yi salla a kansa cikin sanyi. Wannan bai ba ni baƙin ciki ba ko kaɗan.

Ginin nan zai daɗe bayan ni da jikokina, haka kuma ya kamata. Abin da Inna ta bari bai kai nauyin bulo ɗaya ba. Moɗar tana nan a ƙofar gidanmu a Aƙiƙ, ta tsage, Kawu ya ɗinke ta, shi ne kuma mai cika randar kowace safiya tun da ya dawo wurinmu da zama. 'Ya'yana an haife su a nan, ina yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, har na daina faɗa. Babbarsu ta sha cewa a saya wa randar kofin ƙarfe kamar na mutane.

A hajin bara wata tsohuwa 'yar Chadi, wadda motar ziyara ta tafi ta bari, ta yi ta bin titi ba ta san inda take ba, ba ta jin Larabcin kowa. Ta hango moɗar, ta tsaya ta yi sallama da Hausa. Ina daga ciki ina neman takalmina sai na ji 'yar nan tawa ta riga ni ƙofa, ta kama hannun matar, ta yi mata magana da harshen da ban san yana bakinta ba.

"Shigo, Gwaggo, kin zo gida."